A Bencin Masu Dawowa: Ziyara Asibitin Ido na Mishan, Kano

In ka tare adaidaita sahu a Kano ka ce a kai ka Asibitin Mishan, ba sai ka ƙara da cewa na ido ba. Yana ɓangaren Sabon Gari, kuma tun kafin ka ga ƙofarsa za ka fara ganin alamarsa a jikin mutane: tsoho riƙe da sanda, jikansa na gaba yana jan ɗaya bakin, mace da farar auduga manne a ido ɗaya, tana tafiya a ɗan karkace, magidanci sanye da baƙin tabarau tun rana ba ta ɗaga ba. Masu shayi da masu ƙosai sun riga kowa hallara, domin sun san wanda ya taso daga Daura ko Haɗeja da asuba bai karya ba.

Asibitin ya girmi Najeriya mai 'yancin kai. Turawan mishan na SIM ne suka buɗe shi a 1943, ƙungiyar da ta faro tun 1893 lokacin da wasu samari uku suka sauka a Ikko da niyyar shigowa ƙasar Sudan, wato wannan yanki namu. Daga baya ya koma hannun cocin ECWA, wanda aka kafa a 1954. Fiye da shekara 80 ke nan ana duba ido a nan, a garin da mafi yawan marasa lafiyar Musulmi ne, kuma ban ji wanda ya tsaya tambayar addinin likita ba kafin ya ɗora haɓarsa a kan na'ura. A wurin jira za ka ji Hausar Kano, ka ji ta Damagaram da ta Maraɗi, ka ji Fulatanci da Barbarci, jefi-jefi har da Larabcin Chadi. Yanzu ba shi kaɗai ba ne a gari. Akwai asibitin Makka na gidauniyar Al-Basar, akwai sashen ido na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Asibitin Murtala, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Amma sunan Mishan ya riga ya zauna a bakin tsofaffi, su kuwa tsofaffi su ke cewa a kai yaro wuri kaza.

Masu jira iri biyu ne, kuma ba wuya ka bambance su. Sabbin zuwa suna ta waige-waige, suna tambayar inda ake yankar kati. Masu dawowa kuwa sun san hanya. Katinsu ya yi laushi don yawan naɗewa, kuma kusan kowannensu yana riƙe da 'yar leda cike da ƙananan kwalaben maganin ɗigawa. An riga an yi musu aiki, wasu a nan, wasu a wani wuri. A wurinsu na zauna.

Mafi yawansu masu furfura ne, kuma hakan ba abin mamaki ba ne. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wajen mutum miliyan 1.13 ke nan, kuma yanar ido ce ta makantar da kashi 43 cikin 100 daga cikinsu. Waɗannan alƙaluma na manya ne. Haka ma tunanin jama'a game da aikin ido: abin tsofaffi ne, ana cire yana, a kwana, a buɗe bandeji, tsoho ya yi kabbara. Shi ya sa ɗan shekara 24 da ke zaune a wannan benci yake zama bare. Kowa ya ɗauka rakiya ya zo.

Na farkon da na lura da shi makanike ne, hannunsa ya nuna. Yana riƙe da waya, yana miƙa ta nesa da fuskarsa, yana dawo da ita, yana rufe ido ɗaya. Dattijon da ke gefensa, wanda aka cire wa yana makonni kaɗan da suka wuce, ya kasa haƙuri.

"Samari, wa ka kawo?"

"Ni ne da kaina, Baba. Ƙarfe ne ya fallatso mini a gareji."

"Subhanallahi. An yi aikin?"

"An yi. Ina ganin nesa tangaran. Kusa ne ba na gani."

Dattijon ya yi dariya, ya ce shi da ya shekara uku ba ya gane fuskar matarsa, yanzu har masallaci yake zuwa shi kaɗai, ai sai godiya. Saurayin ya ce haka ne, Baba, ya sunkuyar da kai. Ba ƙarya dattijon ya yi ba. Amma aiki iri ɗaya aka yi musu, sakamakon ma kusan ɗaya ne, sai dai ɗaya riba ya ci, ɗayan kuwa an rage masa asara ne kawai.

Dalilin yana cikin halittar idon. A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai, wanda a jikin matashi yake da taushi: in ya dubi nesa sai ya baje, in ya dubi kusa sai ya tattaru, duk ba tare da mai idon ya sani ba. Wannan taushi yana raguwa da shekaru, shi ya sa mutum ya doshi 45 sai ya fara neman tabarau na karatu. Idan madubin ya dishe, ko don tsufa ko don rauni, shi ne yana, kuma maganinta a cire shi a sa na roba. Wani likitan Ingila, Harold Ridley, shi ya fara sa irin wannan a Landan a 1949, bayan ya lura cewa ɓarɓashin robar rufin jirgin yaƙi da ya shiga idanun matuƙa bai sa idon ya yi tawaye ba. Tun daga 1992, da masana'antar Aurolab ta Indiya ta fara ƙera shi da araha, ya iso hannun talakawan ƙasashe irin namu. Sai dai madubin roba da aka saba sawa ba ya motsi. Inda aka saita shi, nan yake tsayawa, galibi a nesa. Dattijo ɗan 70 ya daɗe da rasa ganin kusa, don haka bai yi rashin komai ba. Makaniken nan kuwa ya shiga ɗakin tiyata da ido mai shekara 24, ya fito da wanda ba ya karanta lambar sifana sai da gilashi. Kuma ɗayan idon lafiyarsa ƙalau, yana tattaruwa yana bajewa yadda ya saba, sai biyun suka daina tafiya tare. Daga nan ciwon kai yake tasowa.

Ya ce mini abin da ya fi damunsa ba ciwon kan ba ne, abokan aiki ne. In ya zaro tabarau a ƙarƙashin mota sai a fara kiransa Alhaji.

Wata matsalar kuma tana jiran irinsa a gaba, kuma gara a gaya wa mutum tun wuri. Lokacin cire yana, likita yana barin siririn tantanin da madubin asali yake ciki, domin a nan ake zaunar da na roba. Bayan watanni ko shekaru, bayan wannan tantani yakan yi duhu, kamar gilashin fitilar ƙwai da hayaƙi ya shafa, kuma wannan ya fi saurin faruwa ga matasa saboda ƙwayoyin jikinsu na da ƙarfin tsiro. Sai mutum ya koma gida yana cewa yana ta dawo, aikin bai yi ba, daga nan wasu ke yanke ƙauna su daina zuwa. Alhali yana ba ta dawowa. Da hasken lesa ake huda tantanin, a zaune, ba yanka ba ɗinki, cikin 'yan mintoci. Da yawa daga cikin masu zaman duhu a gida bayan aiki, wannan kaɗai ke tsakaninsu da gani.

Daga benci ake kiran mutum zuwa gwajin farko, kuma daga inda nake zaune ina jin yadda yake gudana. Allo ne mai harafin E, ƙafafunsa na kallon sama ko ƙasa, dama ko hagu, yana ƙanƙancewa layi bayan layi, don wanda bai yi boko ba ya nuna da yatsu. Ana tsayar da mutum a nisan mita 6. In ya kai layin ƙasa a rubuta 6/6. In babban harafin sama kaɗai ya gani, 6/60. Wanda bai kai 3/60 ba a idonsa mafi kyau, a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya makaho ne. Bayan haka sai a ɗiga magani mai buɗe ƙwayar ido, a koma a zauna ido rufe. Wannan zama na jiran magani ya kama shi ne lokacin da hira ta fi daɗi a wurin, don babu mai iya duba waya.

Allon nan yana da amfani, amma ina ganin yana cutar matasa ta wata fuska. Baƙin harafi ne a kan fari, cikin ɗaki mai daidaitaccen haske, kuma babu mai gaggauta ka. Rayuwa a Kano ba haka take ba. Mutum zai iya karanta 6/9 da safe, da magariba kuma ya kasa tsallaka titin Murtala Muhammad saboda kowace fitilar mota ta zame masa tauraro mai wutsiyoyi. Allon ba ya auna ƙyallin rana a kan kwalta, ba ya auna yadda bakin kwata ke sajewa da ƙasa in duhu ya fara, ba ya auna idon da ke bushewa yana yaji bayan rabin awa a gaban kwamfuta. Sai a rubuta lamba mai kyau a kati, uba ya ji an ce aiki ya yi kyau, yaro kuma ya rasa bakin da zai ce har yanzu da saura. Wanda ya san abin da zai faɗa wa likita ya fi samun taimako: ba "ba na gani sosai" ba, a'a, "da dare fitilu na watsewa", "layi ɗaya na zame mini biyu", "in na yi karatu kaɗan ido na ruwa". Kowanne da abin da ake yi masa, daga ruwan hawaye na kwalba zuwa canjin gilashi.

Can gefen mata akwai wata ɗaliba tare da mahaifiyarta. Uwar ce mai magana, 'yar kuwa tana wasa da bakin hijabinta. Tun tana ƙarama take da ƙaiƙayin ido, irin wanda ke mayar da farin ido ruwan ƙasa, yana tashi da zafi da ƙura. Wani mai kemis ya ba su maganin ɗigawa, ya yi aiki nan take, sai aka mayar da shi abin ajiya a gida. Shekaru ana saye ana ɗigawa. Maganin na jinsin sitiroyid ne, irin su desametason, kuma a idon wasu mutane, musamman yara da matasa, yana hana ruwan cikin ido fita yadda ya kamata. Ƙarfin ruwan, wanda a lafiyayyen ido yake tsakanin 10 da 21, sai ya hau, ya riƙa danne jijiyar gani a hankali, ba ciwo ba ja. Hawan jinin ido ke nan, gilakoma. Gefe-gefe yake fara ci, tsakiya ce ta ƙarshe, don haka yarinyar tana karatunta lafiya har ranar da ta fara karo da ƙyaure.

An yi mata aiki, an buɗa wa ruwan hanya. Uwar ta ce da ni, "Malam, mun sayar da abin da muka sayar, an yi aiki, amma ta ce ganin yana nan yadda yake. To me aka yi ke nan?"

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi a bencin, kuma amsarta ba ta da daɗi. Aikin gilakoma ba ya dawo da abin da ya tafi. Jijiyar da ta mutu ba ta farfaɗowa. Abin da aikin ke yi shi ne tsare wanda ya rage, kuma nasararsa ita ce shekara ta zagayo ganin bai ragu ba. Yana da wuya a gode wa abin da bai faru ba. Ga 'yar shekara 20 kuma lissafin ya fi tsanani, domin tsohon da aka gano masa cutar yana 70 yana bukatar ganinsa ya kai shi shekara 10 ko 15, ita kuwa tana bukatar nata ya kai ta 50 ko fiye, da awo a kai a kai, wataƙila da maganin ɗigawa har iyakar rai. Ba na son in yi wa masu kemis kuɗin goro, akwai masu tsoron Allah a cikinsu. Amma kwalbar da ake miƙa wa yaro a kan kanta ba tare da takardar likita ba ta makantar da mutanen da ba a ƙirga ba.

Sai da uwar ta tashi sayo ruwa 'yar ta yi magana. Ba ta yi zancen ido ba. Ta ce akwai mai neman aurenta, kuma a gida an ce kada a gaya masa.

Wanda ya fi kowa iya ba da labarin ciwonsa wani dogon saurayi ne mai kaurin tabarau, ya gama jami'a yana jiran bautar ƙasa. Tantanin bayan idonsa ne ya ɓalle, wato shimfiɗar da hoto ke sauka a kanta. Ya fara da ganin walƙiya a gefe, sai baƙaƙen ɗige-ɗige masu yawo, sai inuwa ta fara rufowa daga gefe ɗaya. Wannan ya fi samun masu tsananin rashin ganin nesa, da waɗanda suka taɓa buguwa a ido, da kuma masu sikila, musamman jinsin SC, waɗanda jikinsu bai cika ciwo ba har su manta suna da ita, alhali ita ce ta fi taɓa ido. A wani gari aka yi masa aikin, nan awo kawai ya zo. An kwashe ruwan cikin idon, an cika shi da iskar gas don ta tokare tantanin har ya manne, aka ce ya kifa fuska ƙasa kwana da kwanaki, a kife zai ci, a kife zai yi barci. Iskar takan ɗauki mako biyu zuwa wata biyu kafin ta ɓace, gwargwadon irinta, kuma muddin tana ciki ba a hawa jirgin sama, domin a can sama takan kumbura ta matse ido. Mai niyyar Umara ya sani. Wasu kuma man silikon ake zuba musu, wanda ba ya ɓacewa da kansa, sai an sake komawa ɗakin tiyata an zuƙe shi, kuma sau da yawa yanar ido na biyo baya. Aiki ɗaya ya zama uku.

Tantanin nasa ya manne, likitoci sun gamsu. Amma in ya rufe lafiyayyen idon, turken wutar lantarki a lanƙwashe yake ganinsa, fuskar mutum kuma ta fi ƙanƙanta. In ya buɗe duka biyun sai hotunan su yi ta rigima. Ya ce watannin farko har amai yake ji, yanzu ƙwaƙwalwa ta fara koyon wanda za ta saurara. Wannan gaskiya ne a likitance: lanƙwasar takan ragu sannu a hankali har tsawon shekara ko fiye, ko da ba lallai ta tafi duka ba.

Akwai kuma waɗanda aikin bai ceto idon ba, suka koma rayuwa da guda. Bahaushe ya ce mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho, kuma a wannan benci ana jefa wa matasa wannan magana fiye da kima. Niyyar kirki ce, amma tana rufe baki. Wanda ya tashi da ido biyu ya wayi gari da ɗaya, abin da ya fara rasawa shi ne kimanta tazara, musamman a abin da hannu ke kaiwa. Zai tsiyaya shayi a gefen kofi. Zai miƙa hannu gaisuwa ya kuskure. Matakalar bene, bakin kwata, zura zare a allura, duk sai an sake koyo, kuma babur ɗin da ke tahowa ta makahon ɓangaren ba ya sallama. Jiki yana koyo cikin watanni: a jingina bakin buta a kan kofi kafin a zuba, a riƙa juya kai gaba ɗaya maimakon ido, a zaɓi wurin zama a aji ko a masallaci ta yadda mutane za su kasance ta lafiyayyen gefen. Abu ɗaya da likitocin ido ke nanatawa, matasa kuma ke wasa da shi, shi ne tabarau na kariya mai gilashin roba marar fashewa, ko da ido ba ya bukatar ƙarin gani. Mai walda ko makanike ko mai ƙwallo da ya rage da ido ɗaya ba shi da na canji.

Hirar bencin, in ta yi nisa, kan koma gida. A can ne ainihin jinyar take, kuma yawancin tambayoyin ba na asibiti ba ne. Yaya za a yi alwala ba tare da ruwa ya shiga ido ba? Yaushe za a koma sujada? Addini ya sauƙaƙa, mara lafiya na iya salla a zaune da nuni har tsawon lokacin da likitansa ya yanka masa, amma saurayi mai jini a jika yana jin kunyar zama a sahu alhali tsofaffi na tsaye. Ga azumi. A mazhabar Malikiyya abin da aka sa a ido in ya kai maƙogwaro yana karya azumi, wasu malaman kuma suna ganin ɗigon ido ba ya karya azumi, shi ya sa wasu ke ajiye magani wata guda cur, su dawo bayan Salla ƙarfin ruwan ido ya hau. Akwai dabara mai sauƙi: bayan an ɗiga, a rufe ido a danne kusurwarsa ta wajen hanci da yatsa na minti ɗaya ko biyu. Nan ne hanyar da ke kai magani maƙogwaro, kuma danne ta na sa maganin ya zauna inda ake bukatarsa. Wanda ake ɗigawa sau biyu a rana yana iya komawa sahur da buɗa-baki. In kwalabe sun fi ɗaya, a bar minti 5 tsakani, in ba haka ba na biyu zai wanke na farko. Kwalli sai an ba da izini. Ƙurar hunturu kuwa, wadda ke lulluɓe Kano daga Disamba zuwa Fabrairu, sabon ɗinki ba ya shiri da ita.

Sai masu zuwa dubiya, kowa da maganinsa. Nonon mai jego, ruwan sikari, ruwan albasa, tofi a ruwan da za a wanke ido da shi. Addu'a ba ta ɓata ido, amma duk abin da aka zuba cikin idon da aka yanka kwanan nan ƙofa ce ta ƙwayar cuta. Alamun da ba a kwana da su sanannu ne: ciwo mai ƙaruwa maimakon raguwa, ja mai tsanani, gani ya faɗi bayan ya fara gyaruwa, sabuwar walƙiya ko inuwa. Ruɓar cikin ido na iya cinye shi cikin kwanaki kaɗan. Wanda ya ce bari ranar da aka rubuta a kati ta zo, sau da yawa ya makara.

Abin da ba shi da layi a katin asibiti shi ne zuciya. Idon da aka yi wa aiki yawanci lafiya lau yake a fuska, don haka babu mai yarda. A gida a ce lalaci ne, a makaranta a ce ya fiye ƙorafi, abokai su ce ya fara girman kai don ya wuce su bai gaishe su ba. Dogon saurayin ya ce kowace safiya, kafin ya yi komai, sai ya rufe ido ɗaya ya duba ko inuwar ta dawo, kuma akwai lokacin da yake yin hakan ba adadi a rana har ya kasa karatu. Wannan tsoro ba raunin imani ba ne, kuma ana iya faɗa wa likita shi kamar yadda ake faɗar ƙaiƙayi. Na lura matasan da ke bencin, da zarar sun gane juna, sukan matsa kusa su karɓi lambar juna. A ganina sun fi samun sauƙi a nan fiye da duk nasihar da manya suka yi musu.

Su ne kuma suka fi sanin dabarun zamani. Wayar da ake zargi da ɓata ido ita ce ta zama musu sanda. Suna ƙara girman rubutu, su mayar da shi fari a kan baƙi don rage ƙyalli, su ɗauki hoton allo daga bayan aji su zuƙo shi kusa. TalkBack a wayoyin Android da VoiceOver a iPhone suna karanta abin da ke rubuce da murya. Akwai madubin hannu mai girmama rubutu da ƙaramin abin hangen nesa da ma'aikatan ido ke gwada wa masu raunin gani, ga hular hana-salla da ke tare ƙyallin sama kyauta. Hukuma ma ta ɗan motsa: JAMB tana da shiri na musamman ga makafi tun 2017, kuma dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Sai dai irin waɗannan matasa a tsakiya suke. Ba su kai a kira su makafi ba, ba sa ma son sunan, ba su kuma iya zama awa biyu suna kallon kwamfutar jarrabawa kamar kowa ba. Takardar likita da ke bayyana halin da idon yake ciki takan sa malami ya ba da kujerar gaba ko takardar tambayoyi mai manyan haruffa, amma sai ɗalibi ya san zai iya nema.

Wajen azahar bencin ya fara raguwa. Masu fita suna kare fuska da hannu, domin maganin buɗe ƙwayar ido na ɗaukar sa'o'i kafin ya sake, kuma ranar Kano ba ta tausayi. A bakin titi masu tallar tabarau sun san wannan sarai, sun jera hajarsu a kan allo: baƙaƙe na gayu, da na karatu masu ɗan lamba manne a gilashi, +1.50, +2.00, +2.50. Ga tsohon da idanunsa biyu suka tsufa tare, na bakin titi yakan wadatar. Ga makaniken ba zai yi ba, domin ido ɗaya ne ke bukatar ƙarin, ɗayan ba ya so, sai an yanka masa nasa gilashin daban bisa awon da aka rubuta. Na same shi a wurin yana gwada na +2.50, yana rufe ido ɗaya yana karanta saƙo a waya. Mai tallar ya ce ya yi masa kyau. Ya tambayi kuɗin, ya zaro takardar awon ya sake dubawa, ya ce zai fara zuwa gareji ya ji ko maigidansa zai ba shi rance a kan kuɗin wata.